Gyaran Wasiƙar Wani: Ina Iyakarsa?

Da wuya a sami marubucin da ba a taɓa kawo masa wasiƙar soyayya an ce, "Malam, a ɗan gyara mini" ba. To, ina iyakar gyaran?

Gyaran ƙa'idojin rubutu dai taimako ne. Saurayin da ya rubuta wa ƙawar budurwarsa "na bata zuciyata", wa ya sani ko ba ta ya yi ko ɓatawa? Raba kalma ko sanya lanƙwasa ya isa ya fitar da shi. Amma in ka kwashe kalamansa ka zuba naka, har da karin magana, to wa yarinyar take saurare? A ganina an shiga yaudara, domin ranar da zai je zance ba za ka bi shi ba.