Rumbun da Babu Shi a Taswira

A Turai akwai wasan da ake shimfiɗa taswira a kan tebur, a jera 'yan mutum-mutumin sojoji, a sake buga wani yaƙi da ya wuce. Mu da muka tashi da dara, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sai dai wannan wasa ba ya yiwuwa sai da tarihi: dawaki nawa, ta wane mashigi aka haye gulbi, wa ya fara ja da baya. To, idan yaƙe-yaƙen Zamfara za mu buga, daga bakin wa za mu ji?

Mu ɗauki shekarar 1805, lokacin da jama'ar Shehu Usmanu suka zauna a Sabon Gari, cikin ƙasar Zamfara. Muhammadu Bello ya ba da labarin a Infaƙul Maisuri, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Tazyinul Waraƙati. Malamai ne da suka ga abin da idonsu, amma su ne ɓangaren da ya ci nasara. Ta ɓangaren Zamfarawa, akwai littafin Bajamushe Kurt Krieger na 1959, bisa abin da ya jiyo a Anka, da binciken digirin Garba Nadama na 1977 a Zariya. Saura yana bakin tsofaffi da makaɗan fada a Anka, Gummi da Bukkuyum.

Ko mun haɗa su duka, akwai wanda ba za mu ji muryarsa ba: manomin da runduna ta sauka a garinsa. Zamfarawa sun fara karɓar jama'ar Shehu, daga baya suka juya musu baya, kuma kwasar abinci da mayaƙa masu yunwa suka riƙa yi tana cikin dalilan. Ke nan rumbu ya sauya akalar yaƙi, amma ba wanda ya rubuta sunan mai shi.

Mu kam ba mu da uzurin mantawa da shi. A Janairun 2022 'yan bindiga sun ƙone ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, mun ga mata da yara suna gudu da tabarmi a ka. Wanda ya ga wannan ya san abin da ke ƙarƙashin kofaton doki.

Wasan ba laifi ba ne, zai ma iya tura yaranmu gidan adana tarihi na Kaduna, ko zauren kakansu. Amma mu sa rumbu a taswirar, mu kafa doka: duk wanda ya kwashe shi, a rage masa maki ko da ya ci gari.