Gudunmawa Ko Talla?

Sau da yawa mukan ji gunaguni idan ƙungiyar taimakon marayu ta kira taron gidauniya, ɗan kasuwa kuma ya kafa allon shagonsa a bakin zaure. Sai a ce wannan talla ce, ba sadaka ba. Shin haka ne?

A ganinmu, niyya tana zuci, ba mu da ma'auninta. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yarda da sadakar fili, ko da yake ta fifita ta ɓoye. Idan mai atamfa a Kantin Kwari ya ba da turmi 10 a yi gwanjonsu a taron, me ya ragu ga maraya don an ambaci sunansa? Hasali ma maƙwabcin shagonsa yakan ji kunya ya bi sahu.

Inda gizo ke saƙar shi ne alkawarin lasifika. Attajiri ya furta naira miliyan 1, a yi tafi, maroƙi ya wasa shi, bayan wata 6 sakataren ƙungiya yana ta zarya. Wannan ya sayi suna da yunwar maraya, bai kuwa biya ba.

Saboda haka a karɓi kuɗi kafin shela, ƙungiya kuma ta bayyana wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi. Alkawari kaya ne.