Amanar Uba Kirista a Ƙasar Tasawa

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Allah Maɗaukaki, Mahaliccin sama da ƙasa, wanda ya yarda mu kira shi Uba, ya kuma ɗora wa maza masu rauni irinmu nauyin wannan suna a cikin gidajenmu.

Bayan haka, maganata a kan magidanci ce, Kirista, manomin hatsi da wake a ƙauyukan arewacin Tasawa wajen Urafane, ko can yamma wajen Mayahi inda Gulbin Kaba ya ratsa da goribarsa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Saboda haka mai bi na ƙauye yakan zauna ne cikin dangi Musulmi: baffansa limami, ƙanwarsa matar malami, rijiya ɗaya suke sha, iyakar gonakinsu ɗaya. Fasto yana iya yin nisan wuni a ƙafa. Idan bangaskiya za ta kai ga jikokin wannan mutum, ta hannunsa za ta bi, domin babu wata hanyar.

Bishara ba tsohuwa ba ce ƙwarai a ƙasarmu. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, sai na kutare a Danja, sai makarantar noma ta Maza Tsaye da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye a kan hanyar Tasawa. Wajen lokacin samun ƴancin kai aka kafa ikkilisiyar EERN. Turawan nan sun tsufa, sun koma, sun mutu. Abin da ya sa har yau ake rera waƙar sujada da Hausa ran Lahadi a jihar Maraɗi shi ne wasu maza da mata sun yi aure a gaban ikkilisiya, sun zauna tare har furfura, sun tarbiyyantar da ƴaƴan da su ma suka yi haka.

Jarrabawar farko, kuma mafi tsanani a wurinmu, ita ce ta mace ɗaya. Kowa ya san yadda zaman aure yake a ƙasar Hausa: ƙarin aure alamar wadata ce, saki kuwa ba ya da wuya, har bazawara ta yi aure uku ko huɗu ba wanda zai yi mamaki. Ban faɗi haka don zargin maƙwabtanmu ba. Suna da shari'arsu, kuma a cikinsu akwai magidanta masu riƙon amana da za su kunyata da yawa daga cikinmu. Amma Kirista ya tsaya gaban Allah da shaidu ya yi alkawarin mace ɗaya har mutuwa ta raba. Ranar biki wannan magana ba ta da nauyi a baki. Nauyinta yakan bayyana bayan shekara biyar, shida, bakwai, idan ba a ji kukan jariri a ɗakin ba, ko kuwa aka jera ƴaƴa mata ba namiji. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya ce mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 bisa matsakaici, jihar Maraɗi ma ta zarce haka. A irin wannan ƙasa, gidan da babu ɗa abin magana ne a bakin rijiya da wurin daka.

Wadda za ta fara zuwa masa ba maƙiyiya ba ce. Mahaifiyarsa ce, wadda ta goya shi. Za ta ce, "Ɗan nan, haka za ka zauna gidan ubanka ya mutu a hannunka? Wa zai gaji gandu?" Babu amsar da za ta share mata hawaye. Abin da ya dace ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi mini haƙuri. Alkawari na ɗauka gaban Allah, kuma ba ita ke ba da haihuwa ba." Sa'an nan ya tashi ya ci gaba da kai mata tiyar hatsinta da goronta kamar kullum, domin umarnin girmama iyaye bai faɗi ba don an saba da su a magana ɗaya.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan wahala ba. Ibrahim, aminin Allah, ya bi shawarar Saratu ya karɓi Hajaratu, ƙarshen abin kuwa uwa da ɗa suka fita jeji da salkar ruwa. Gidan Yakubu ya cika da kishin Lai'atu da Rahila, har ƴan uba suka sayar da Yusufu ga fatake. Elkana yana ƙaunar Hannatu, amma bai iya kare ta daga gorin kishiyarta Feninna ba. A tsakiyar waɗannan labarai akwai wani mutum da ba a cika wa'azi a kansa ba, shi ne Ishaku. Ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ba su sami haihuwa ba sai da ya kai 60. Shekara ashirin yana roƙon Allah saboda matarsa, a zamanin da ba wanda zai ga laifinsa in ya ƙara aure, amma bai ƙara ba. A ganina duk Kiristan da ke fama da gorin dangi ya kamata ya san wannan sura ta 25 ta Littafin Farawa kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Annabi Malakai ya tuna wa mazan zamaninsa cewa Allah da kansa ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, ya auna ƙaunar miji da ƙaunar Almasihu ga ikkilisiya, ƙaunar da ta kai shi ga gicciye. Maza da yawa sun haddace ayar da ta umarci mata da biyayya, sun tsallake wadda ke biye da ita, alhali ita ce mafi tsawo da nauyi. Mutumin da ya riƙe mace ɗaya amma yana dukanta, ko ya bar mata ciyar da gida daga ɗan abin da ta noma a gamanarta shi kuwa yana cin tsire a kasuwa, ƙidaya kawai ya cika, alkawarin yana nan bai taɓa shi ba.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun ikkilisiyoyin Afirka: mutum ya ba da gaskiya alhali yana da mata biyu ko uku. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya hana irinsa baftisma a 1888, sai bayan shekara ɗari, a 1988, suka sassauta bisa sharaɗin ba zai ƙara ba. Ikkilisiyoyin da suka fito daga SIM sun daɗe da tsauri a wannan batu. Dattawa ne ke da hukunci, ban kuwa isa in yanke musu ba. Abin da na tabbata kawai shi ne bisharar da ta sa aka kori mace da ƴaƴanta zuwa gidan iyayenta ba ci ba sha, an yi mata mummunar fahimta. Duk ɗan da mutum ya haifa amanarsa ne har abada, ko wace ce uwarsa.

Sai yunwa. Dattawanmu ba su manta da ta 1984 ba, wadda ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin Buhari. Ƙanana kuma sun ga ta 2005, lokacin da cibiyoyin ciyar da yara suka cika a Maraɗi. Ko a shekarar da aka yi damina mai kyau, rumbun talaka ba kasafai yake kai shi wata kaka ba. Shi ya sa da an gama girbi maza ke fita bida: Katsina, Kano, Legas, Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Bida ba zunubi ba ce. Yusufu mijin Maryamu ma ya tashi da dare ya bar ƙasarsa zuwa Masar don ran yaro. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya. Haɗarin yana can inda ba wanda ya san shi, inda babu dattijon ikkilisiya, babu idon suruki. A can ne wasu suke ajiye wata mace a ɓoye, aike ya fara raguwa, waya ta daina shiga, damina ta sauka uwargida ta yi shuka ita kaɗai da yara. Mai tsoron Allah yakan bar hatsi a rumbu kafin ya fita, ya nemi majami'a a garin da ya sauka tun Lahadin farko, ya aiko ko da jika biyu ce, ya kuma dawo kafin ruwan shuka. Yana kama da gawon da ke tsakiyar gona: da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka zubar da ganye, shi ne mai inuwa da abincin dabbobi, da damina kuma ya kakkaɓe ganyensa don hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana.

Game da tarbiyyar ƴaƴa, Maimaitawar Shari'a sura ta 6 ba ta aika su wurin firist ba. Uba aka umarta ya koya musu, a zaune a gida, a tafe a hanya, da kwanciya da tashi. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, wanda ya rasu a 430, yakan gaya wa magidanta cewa aikin bishop suke yi a cikin gidajensu. Ya san abin da yake faɗa, domin shi bai samu haka ba: mahaifinsa Patrisiyus mutum ne mai zafin rai, bai riƙe amanar aure ba, sai dab da mutuwa ya karɓi baftisma, uwarsa Monika ce ta ɗauki nauyin duka da hawaye. Wannan hali yana nan a majami'unmu. Zumuntar Mata cike take da ƙwazo, bencin maza kuwa da sauran wuri. Uban da bai iya karatu ba ma ba shi da hujja. Ya shimfiɗa tabarma bayan tuwon dare, ya sa ɗiyarsa ƴar lakwal ta karanta Zabura da fitilar hannu, shi kuma ya yi addu'a yana kiran sunan kowane yaro, kamar yadda Ayuba yake tashi da sassafe yana miƙa hadaya bisa yawan ƴaƴansa. Ya kuma tuna da Eli, firist mai daraja wanda ya tsawata wa ƴaƴansa da baki kawai bai hana su ba, gidansa ya rushe. Duk da haka Bulus ya gargaɗi iyaye maza kada su tsokani ƴaƴansu har su fusata. Bulala ba ta shigar da bangaskiya cikin zuciya.

Ɗiya mace tana bukatar tsayuwar uba fiye da kowa. Binciken nan na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ga Kirista abin ya fi wuya, domin samari masu bi kaɗan ne a kusa, masu zuwa da sadaki kuwa suna zuwa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Uban da ya ce ɗiyarsa za ta gama kwalej tukuna, ya sayar da akuya ya kai ta Tasawa wurin amintattun mutane, zai sha magana. Ya daure. Likitocin da ke ɗinke matan da yoyon fitsari ya kama a Danja sun san abin da haihuwar ƙuruciya take jawowa.

Ba zan rufe ido ga tsoro ba. A watan Nuwamba na 2000 tarzoma ta taɓa Kiristocin Maraɗi. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka, saboda zanen da wata jaridar Faransa ta yi, wanda babu hannun Kiristan Nijar ko ɗaya a ciki. A Yuni 2019 aka sake cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. A irin waɗannan ranaku yaro yakan dubi fuskar ubansa don ya san abin da zai ji a ransa. Idan ya ga ƙiyayya, ita zai gada. Wajibi ne uba ya faɗa wa ƴaƴansa gaskiya duka: cewa an yi zalunci, cewa Ubangiji ya umarce mu da gafara, cewa kuma a 2015 akwai Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci. Washegari ya aike su su gaida kakarsu da baffanninsu kamar yadda aka saba, ya je suna, ya je ta'aziyya, ya karɓi naman layya da godiya, ya kai musu abincin Kirsimeti.

Saura abu ɗaya da maza ba sa son a ambata, wato ranar da ba sa nan. A ƙasarmu rabon gado yakan bi al'ada da fiƙihun Malikiyya, inda bambancin addini ke hana gado, gwauruwa kuma da ƴaƴa mata su ne suka fi rauni idan ƴan uwan mamaci suka taso. Sau da yawa matar da ta yi shekara arba'in tana noma gona ɗaya da mijinta takan wayi gari ba ta da taki ɗaya a cikinta. Alkawarin da aka yi ran aure ya ƙare da mutuwa, amma kulawa tana iya wuce kabari idan an shirya. Tun daga dokar tsarin karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye, har a matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar kyauta ko ta saye. Magidanci ya tara ƴan uwansa tun yana da ƙarfi, a gaban maigari da dattawan ikkilisiya, ya nuna gonar da ya ba matarsa da wadda ya ba kowace ɗiya, a zaga iyaka da ƙafa, a rubuta, a sa hannu, ya ba uwargida takardar ta ajiye da kanta.