Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya



Sau ɗaya a cikin shekara uku, wato a Shekara ta B, Ikilisiya takan ajiye Bisharar Markus har Lahadi biyar a jere, domin mu saurari sura ta 6 ta Bisharar Yohanna, inda Ubangiji ya yi koyarwa a kan gurasar rai. A Lahadi ta 19 akan haɗa wannan Bishara da labarin Annabi Iliya a jeji, da kuma gargaɗin Manzo Bulus ga Afisawa game da fushi da zage-zage. Na daɗe ina karanta waɗannan karatu uku ban ga igiyar da ta ɗaure su ba. Wata tsohuwa ce ta nuna mini ita, a ƙofar gidana.

Ran nan na dawo daga wani ofis da rana tsaka. Ma'aikacin da na je gani ya bar ni a tsaye fiye da awa biyu, na gaishe shi bai amsa ba, daga bisani ya turo mini takarduna da bayan hannu, ko kai bai ɗaga ba. Na haɗiye, na fito. Da na iso gida sai na tarar da tsohuwar nan a zaune, ta kawo sabon rosarinta in sa masa albarka. Kafin ta gama gaisuwa na ce mata, "Mama, ba ki san lokacin ganin Fada ba ne?" Ta dube ni, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Fada, yau ka ci abinci kuwa?"

Abinci dai na ci. Amma kwana da kwanaki addu'ata ta safe ta koma ta gaggawa, Misa kuwa ina yin ta ne hankalina yana kan aikin da ke jirana. Wulaƙancin da aka yi mini a ofis ya tarar da rumbuna babu kome, sai na ɗauke shi yadda yake na sauke a kan wadda ba ta san hawa ba balle sauka.

Haka rashin ladabi yake yawo a cikinmu. Yaron mota ya yi wa uwargida tsaki a tasha, ta koma gida ta daka wa 'yarta tsawa, yarinyar ta fita ta harari ƙanenta, shi kuma ya jefi akuya. Yawancinmu ba za a kai mu gaban sarakuna saboda sunan Kristi ba. Gwajinmu yana layin famfo, da bakin tagar karɓar magani, da kasuwa inda mai kaya ya ce in ba ka da kuɗi ka matsa. Yana cikin gaisuwar da ba a amsa ba, da habaicin maƙwabciya, da gatsen abokin aiki. Ƙananan abubuwa ne, amma kullum ne, kuma su ne suke cinye zuciya kamar yadda gara take cin azara.

Mu dubi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura ta 19. Bai daɗe da yin nasara a kan annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel ba, sai saƙon barazana ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya yi. Bai tsawata masa ba, bai yi masa wa'azi ba tukuna. Ya bar shi ya yi barci, sa'an nan mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa. Har sau biyu, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Da ƙarfin wannan abinci ne ya yi kwana 40 har ya kai Horeb. Iyayenmu sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda bai sha ba, guga zai kuɓuce masa.

A cikin Bisharar kuma, Ubangiji kansa ya sha raini. Mutanen da ya ciyar da gurasa biyar da kifi biyu, washegari a Kafarnahum suka shiga gunaguni, suna cewa ai sun san shi, ɗan Yusufu ne, sun san uwarsa da ubansa. Wa a cikinmu bai taɓa jin irin wannan ba? Yaushe aka haife ka, wane ne ubanka a garin nan? Yesu ya hana su gunagunin, amma bai mayar musu da raini ba. Abin da ya miƙa wa masu raina shi, shi ne jikinsa domin ya zama abincinsu. Wannan jiki ne muke karɓa a kan harshenmu, harshen nan da za mu fita da shi zuwa tasha da kasuwa.

Don haka Bulus ya umarci Afisawa su kawar da ɗacin rai da hasala da tankiya da zagi, su riƙa yafe wa juna yadda Allah ya yafe musu cikin Kristi. Bai ɗora wannan a kan ƙoƙarin mutum kaɗai ba. Wanda yake cin gafara kullum, shi ne yake da gafarar da zai ba wani. Ikilisiya ta umarce mu mu kame daga ci da sha na awa ɗaya kafin mu karɓi Jibi Mai Tsarki, kuma muna kiyayewa da kyau. Ina ma a ce harshenmu zai yi azumin awa ɗaya bayan mun karɓa. Ba na faɗin wannan da wasa. Na sha ganin waɗanda suka ba juna hannun salama a gaban bagade, minti ashirin bayan haka suna musayar baƙar magana a bakin ƙofar coci saboda wurin ajiye babur.

Waliyiya Tereza ta Yaro Yesu ta san wannan yaƙi. Ta shiga gidan sistocin Karmel na garin Liziyo a Faransa a 1888 tana da shekara 15, ta rasu a 1897 tana da shekara 24. ('Yan Karmel kuwa suna ɗaukar Iliya a matsayin ubansu.) Ta ba da labarin wata sista da take fantsama mata ruwan dauɗa a fuska in suna wanki, da wata kuma da kome nata yake ɓata mata rai. Ta biyun nan, Tereza ta riƙa yi mata addu'a da murmushi da hidima, har sistar ta zaci ita ce abar ƙaunarta. In kuma ta ji baƙar magana ta taso mata, takan bar wurin da sauri. Ba ta je wa'azi wata ƙasa ba, amma a 1927 aka naɗa ta majiɓinciyar masu aikin mishan, a 1997 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sanya ta cikin Malaman Ikilisiya.

Kada wani ya ji ni ya ce Fada ya ce mu zama tabarma. Lokacin da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Ya nemi a nuna laifin maganarsa, ko kuwa a faɗi dalilin marin. Kana da iko ka ce wa mutum, "Malam, maganar nan ba ta dace ba," muryarka a ƙasa. Matar da ake duka a gida, ko ma'aikacin da aka hana haƙƙinsa, wannan ya wuce rashin ladabi, zalunci ne, a kawo maganar ga Fada da dattawa da hukuma. Abin da aka hana mu shi ne mu ɗauki dafin da aka zuba mana mu kai gida.

Shawarata ba ta da tsawo. Kada ka fita da safe ba ka karanta ko aya biyar ba. Wanda yake kusa da coci ya nemi Misar safe ko sau ɗaya a mako, wanda yake ƙauye inda Fada ba ya zuwa kullum kada ya raina taron addu'a da katikis. In an yi maka tsaki, yi Addu'ar Ubangiji a zuci kafin ka buɗe baki. Da dare kuma ka ambaci mutumin a gaban Allah da alheri, ko da haƙora a cije ne. Wa ya san wanda ya fara zaginsa da safe?

Ni dai da yamma na ɗauki ruwan albarka na tafi gidan tsohuwar nan. Na ce, "Mama, ki gafarce ni, na yi miki rashin kunya." Ta ce, "Haba Fada, ai ɗa ba ya laifi a wurin uwa." Na sa wa rosarinta albarka, muka yi gida ɗaya tare a tsakar gida, ta ce mu yi shi domin mutumin ofishin nan. Da zan tafi ta ƙulla mini dafaffiyar gyaɗa a leda.