Shin mumini zai karɓi gaskiya daga hannun wanda ba musulmi ba?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Manyan malamai biyu na zamani ɗaya sun saɓa a kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin auna hujja. Imam Jalaluddin Suyuɗi na Misra, wanda ya rasu a 1505, ya haramta karanta shi, ya kuma wallafa littafi a kan haka. Dalilinsa: asalin ilimin daga masanan Yunan yake, kuma magabata na ƙwarai ba su bukace shi ba. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, wanda ya zauna a Takadda da Kano da Gawo, ya mayar masa da martani cikin baitoci. A ganinsa gaskiya ba ta lalacewa saboda bakin da ta fito.

Kowannensu tsoron Allah ne ya motsa shi. Suyuɗi yana gudun kada ɗalibi ya ɗora hankalinsa bisa nassi. Magili yana gudun kada musulmi ya ƙi gaskiya saboda ƙin mai faɗinta, wanda shi ma nau'i ne na girman kai.

Rayuwar Imam Gazali ta haɗa tsoron biyu. Ya buɗe littafinsa Almustasfa da gabatarwa a kan manɗiƙi, amma kafin nan, a 1095, ya bar kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza don neman gyaran zuciya. Sikeli yana faɗin nauyin hatsi, ba ya hana mai awo ha'inci. Haka manɗiƙi yake: yana kama kuskuren hujja, amma son rinjaye a wurin muhawara sai tarbiyyar shehi da zikiri ke cire shi.

Allah Ya tsarkake zukatan ƴan'uwa, amin.