Shin Talauci Yana da Ƙabila?

A birnin Landan, kamar yadda ƙididdiga ta daɗe tana nunawa, talauci bai rabu daidai tsakanin mazauna ba. Kason baƙar fata da 'yan asalin Asiya ya kusa ninka na Turawa, waɗanda abin ya fi yi wa katutu kuwa su ne 'yan asalin Bangladash da Fakistan. Da jin haka sai mai saurin hukunci ya ce ai hali ne, wasu ƙabilu suna da zuciyar nema, wasu kuwa cima-zaune ne. Mu dai ba mu yarda ba, domin ƙididdiga inda talauci yake take nunawa, ba ta faɗin laifin wane ne.

Mu dubi Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972. Kimanin 28,000 ne suka sauka Ingila, galibinsu hannu rabbana. An ƙwace musu kantuna da gidaje, amma ba a iya ƙwace Turancin da ke bakinsu ba, ko sanin ciniki da ke kansu. Kafin a jima sun tsaya da ƙafafunsu, har ana buga misali da su.

Mutanen Bangladash fa? Yawancinsu daga ƙauyukan lardin Silet suka fito, manoma ne, kuma kaɗan ne suka yi boko mai zurfi. Suka tare a Tower Hamlets, a gabashin birnin, suna aikin ɗinki da na gidajen abinci, a daidai lokacin da masana'antun yankin ke durƙushewa. Tasoshin jiragen ruwa na ƙarshe da ke can an rufe su a 1981. Wanda ya iso kasuwa tana watsewa, ina adalcin a gwada cinikinsa da na wanda ya zo da jari?

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, mu da muke riƙe da alli, shi ne makaranta. A shekarun 1990 yaran Bangladash suna baya a jarrabawar kammala sakandare. Yanzu sakamakonsu ya wuce na 'ya'yan Turawan ƙasar. Jinin nan ne dai, addinin nan ne, girkin gida ma bai canja ba. Makarantun unguwar aka gyara, iyaye kuma suka dage.

Duk da haka talaucin bai sake su ba tukuna. Kuɗin haya yana cinye albashi, sau da yawa mutum ɗaya ke ciyar da gida mai yawan baki, kuma an sha gwadawa an ga mai suna irin na baƙi yakan rubuta takardun neman aiki fiye da na Bature kafin a kira shi ganawa.