Makaɗa da Mawaƙan Tudun Wada, Ku Ɗaga Kai

Ranar 26 ga Maris, 2020, gwamnatin Kaduna ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana. Bayan kwana biyu Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar da bakinsa cewa ya kamu da korona. Aka rufe masallatai da coci-coci, aka kulle kasuwanni, aka hana taron biki da na suna. Kowa a Tudun Wada ya ji a jikinsa, amma ku 'yan uwana makaɗa da mawaƙa, taku ta fi zafi, domin sana'arku duk taro ce. Da aka soma ba da kwana biyu a mako don a fita sayen abinci, mai tumatir ya baza kayansa, mahauci ya rataye namansa. Mai kalangu kuwa babu ranar da aka ware masa. Sama da wata biyu aka kwashe a haka, kuma ko da aka sassauta a watan Yuni, taro ne ƙarshen abin da ya dawo.

Wanda bai san sana'ar ba yana ganin mutum ɗaya ne, wato mai riƙe da makirfo. Ku kun san bakunan da biki ɗaya yake ciyarwa. Ga mai fiyano, ga 'yan amshi, ga sanƙira, ga mai ba da hayar sifika da janareta, ga yaron da ke ɗaukar su a ka, ga mai ɗaukar bidiyo, ga matan kiɗan ƙwarya da ake gayyata cikin gida ranar wuni. Kowannensu yana da iyali a bayansa. Telolin Kasuwar Barci ma, masu ɗinka ankon da ake shiga fili da shi, a cikin wancan wata na Maris aka rushe kasuwarsu don a sake gina ta, sai ga kulle ya biyo baya. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu kowa na gida. Sallah ta zo babu hawa a Zazzau, babu a Kano, babu a Katsina, makaɗan fada suka rataye tambura da kakaki a lokacin da suka saba samun na shekara.

Taimako daga sama ya zo, kuma bai kamata a raina shi ba. Ƙungiyar kare haƙƙin mallakar waƙa ta COSON da ke Legas ta ware naira miliyan 50, ta raba wa mambobinta naira 11,000 kowanne. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan barkwancin nan Ali Baba don ya duba halin da masu fasaha suka shiga. Daga baya gwamnatin tarayya ta fito da tallafin naira 30,000 ga masu sana'ar hannu. Sai dai duk waɗannan suna da sharaɗi guda: sunanka ya kasance a rubuce a wani wuri. Mawaƙin da ya yi rajista ya ga saƙo a wayarsa. Dattijon da ya shekara talatin yana kaɗa kotso, wanda duk unguwa ta san shi amma babu takardar da ta san shi, bai ga komai ba.

Abin da ya riƙe irin wannan dattijo hannunku ne, kuma wannan ne dalilin da nake cewa ku ɗaga kai. Na ga mai situdiyo ya ɗauki muryar yaro ya haɗa masa kiɗa, ya ce ya biya idan gari ya buɗe. Na ga an raba tiyar shinkafa biyu a tsakanin gida uku. Maigidan tawaga ya sayar da abin da yake ji da shi don kada yaransa su watse. Wani ya tura wa ɗan amshinsa kuɗin cefane ta waya da asuba, bai gaya wa kowa ba. Babu kyamara a wajen, babu jarida. Al'adar sana'ar ce tun tale-tale: idan an tashi daga fili, a zube abin da aka liƙa a tsakiya, a raba, har mai ɗaukar ganga ya tafi da nasa. Mutanen da suka saba raba samu ba su sha wuyar koyon raba rashi ba. A ƙasar da har yanzu wasu ke kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai, kun nuna zumuncin da attajirai da yawa suka kasa nunawa.

Kuma ba ku yi shiru ba. Waƙoƙin wanke hannu da ba da tazara da aka riƙa ji a rediyo da wayoyi, da Hausar da tsohuwa a lungu za ta gane, daga ƙananan ɗakunan situdiyo irin naku suka fito. Likita ya faɗi gaskiyar cuta, amma sau da yawa mawaƙi ne ya shigar da ita kunnen jama'a. Wannan aiki ne na ceton rai, ku ƙirga shi cikin ayyukanku.

A 2020 ɗin ce kuma aka ga waya ta zama filin wasa. Hamisu Breaker ya saki “Jaruma”, ta mamaye Arewa wajen ƙaramar Sallah, mata suna taka ta a gaban mazajensu a cikin gida suna ɗorawa a intanet. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan hakan, wasu malamai sun yi suka, kowa da hujjarsa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne waƙa ta zagaye ƙasa alhali ko zaure ɗaya na biki ba a buɗe ba. A shekarar dai “Izzar So” ya kafu a YouTube, “Labarina” ya soma a Arewa24, kuma kowane irin wannan shiri yana neman waƙa da kiɗa. Ƙofa ce ta buɗe. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: kuɗin YouTube na mai tashar ne. Mai fiyano da 'yar amshi an sallame su sau ɗaya ranar ɗauka, waƙar kuwa ta shekara biyar tana kawo kuɗi. Ga manyanmu da Allah ya ɗaukaka daga wannan gari na Kaduna, inda irin su Adam A. Zango da Umar M. Shareef suka yi suna, ina roƙo da girmamawa: a riƙa rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a waƙa, a yanka masa kaso komai ƙanƙantarsa. Ranar da taro ya sake tsayawa, wannan kason ne zai dafa masa tuwo.

Kada wani ya ce wannan hanya ta masu manyan kayan aiki ce. Ku dubi Agadas. Akwai tawagar masu jita a can, Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya, waɗanda abincinsu kiɗan biki ne kamar ku. A farkon 2020 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya soma wani tsari: kowane wata tawaga ɗaya daga yankin Sahara za ta ɗauki waƙoƙinta da wayar hannu, ta tura ta WhatsApp, a sa su kasuwa a shafin sayar da waƙa na Bandcamp, kuɗin ya koma wa masu waƙar. Da su aka buɗe tsarin, kuma da annoba ta rufe duniya bai tsaya ba, domin ba ya buƙatar jirgi ko zaure. Shi kansa Bandcamp, ranar 20 ga Maris na shekarar ya yafe kason da yake cira, masoya waƙa suka kashe sama da dala miliyan 4 a yini guda. Yau waɗannan samarin Agadas suna wasa a Turai da Amurka. Wayar da suka fara da ita ba ta fi wadda ke aljihunka ba, ɗan uwa. Kuma kalangu da gurmi da kukuma suna da masu nema a duniya fiye da yadda muke zato a nan gida.

Akwai wani darasi da korona ta koyar wanda nake tsoron a manta da shi tunda biki ya dawo. Adashi ya ci amanar mutane da yawa a lokacin kulle, ba don wani ya yi ha'inci ba. Adashi yana tafiya ne idan yau kai ka rasa, ni na samu. Ranar da kowa ya rasa a lokaci guda, babu mai zubi, babu mai kwasa. Abin da ke tsayawa a irin wannan rana shi ne asusun da aka tara tun ana cikin wadata, wanda ba a taɓa shi sai don ciwo, ko mutuwa, ko tsayawar aiki. Da damina aka san a cika rumbu. Kuma ba annoba kaɗai ke tsayar da ganga a Kaduna ba. Duk wanda ya girma a garin nan ya san dokar hana fita tun kafin korona, ya san yadda rikici ɗaya ke soke bukukuwan wata guda.

Maƙwabtanku na Panteka, masu walda da maƙera da kafintoci, suna da ƙungiya da shugabanni, shi ya sa idan hukuma za ta yi magana da su ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ku ma ba ku gaza su ba. Ku zauna, masu situdiyo da masu kiɗan gargajiya da masu bege da mawaƙan coci, domin kullen bai tambayi kowa irin waƙarsa ba. A sayi littafi a rubuta sunan kowa da abin da yake kaɗawa da lambar wayarsa, kada a tsallake matan da ke wasa a cikin gida, su ne aka fi mantawa. A zaɓi ma'aji mai amana, a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku. Samari masu iya waya su je gidajen dattawa su ɗauki kiɗansu tun suna da ƙarfi, a ɗora da sunansu, abin da ya shigo a kai musu har gida. Sa'an nan a bikin Asabar mai zuwa, idan an zube liƙi za a raba, a ƙara kaso ɗaya a lissafi kamar akwai wani ɗan tawaga da bai samu zuwa ba, a miƙa wa ma'aji ya rubuta a gaban kowa.